Me ya sa kalar katin biki ke mutuwa bayan an buga?

[Hoto: waya a hannun dama, kati a hannun hagu]

Ga waya, ga kati. Zane ɗaya ne, daga fayil ɗaya. A wayar, shuɗi ne tas, irin wanda ƙawayen amarya suka tsayar a matsayin kalar biki. A katin kuwa ya karkace ya koma shunayya, gwal ɗin da ke gefe kuma ya zama ruwan ƙasa. Da an shiga lokacin aure, kafin azumi ko ƙarshen shekara, sai irin wannan bidiyon ya cika TikTok da Facebook: amarya ta haɗa rai, uwar biki na rantsuwa mai firintin ya sa musu tawadar jabu. Wani lokacin laifinsa ne. Amma sau da yawa tawadar lafiyarta lau, tun a waya aka yi kuskuren.

Bari mu fara bi ta kan girma da nauyi da gefen kati da gudu, tunda ba nan rigimar take ba.

[Hoto: katuna uku jere a kan tebur, da rula]

Girma. A6, milimita 105 da 148, shi ne ɗan ƙaramin da ake rabawa a masallaci. A5, 148 da 210, shi ne rabin takardar ofis. Sai mai inci biyar da bakwai, wanda 'yan gayu suka fi so. Injin DI, wanda ke buga kala kai tsaye daga kwamfuta, yana buga babban falle ne, SRA3, milimita 320 da 450, sannan a yanka. A6 guda takwas ke fita a falle ɗaya, A5 guda huɗu. Mai biyar da bakwai ma huɗu ne, don haka kuɗinsa kuɗin A5 ne duk da ya fi shi ƙanƙanta. Kati 200 a A6 falle 25 ne, a A5 falle 50. Ango, ka ji inda kuɗinka ke tafiya.

Nauyi. Idan aka ce gsm, ana nufin giram nawa ne murabba'in mita ɗaya na takardar. Ta ofis 70 ce zuwa 80. Katin da za ka miƙa wa surukinka ba tare da ya langaɓe ba, 300 ko 350. Ƙasa da 250, kira shi takardar talla.

Gefe. Mai zane ya bar kalar ta wuce layin yanka da milimita 3 ta kowane ɓangare, rubutu kuma ya ja baya daga bakin da kamar milimita 5. In ba haka ba, wuƙar injin yanka tana ɗan gocewa sai farin layi ya fito, ko ta datse ƙarshen sunan waliyyi.

To, yanzu mu zauna.

[Hoto: fuskar waya an matso da ita ƙwarai, ƙananan ɗigo na haskawa]

Wayarka fitila ce. Kowace kala da kake gani a cikinta haske ne mai kala uku, ja da kore da shuɗi, ake harbo maka cikin ido. Wannan tsarin shi ne RGB. In aka kunna ukun gaba ɗaya sai ka ga fari, in aka kashe su sai baƙi.

Kati kuwa ba shi da fitila. Hasken ɗaki ne ko na rana yake sauka a kansa, tawada ta shanye wani ɓangare, abin da ya rage ya dawo idonka. Tawadar huɗu ce: C, shuɗi mai haske, M, ja mai ruwan hoda, Y, rawaya, K, baƙi. Shi ne CMYK. A waya, ƙara kala ƙara haske ne. A takarda, duk tawadar da ka ƙara duhu ka ƙara. Kuma babu wani wuri a jikin katin da zai fi farin takardar kansa haske.

[Hoto: gilashin ƙara girma a kan kati]

Ku duba da kyau. Wannan da ido ke gani kamar shafe ɗaya, ɗige-ɗige ne na tawada huɗun nan, manya da ƙanana, ido ne ke haɗa su daga nesa. Kalolin da waɗannan huɗun za su iya haɗawa ba su kai yawan waɗanda waya ke nunawa ba. Shuɗi mai ƙyalli, kore shar mai kashe ido, ruwan goro mai zafi, ruwan hoda mai walƙiya, duk suna wajen da'irar. Idan aka ba inji irinsu, ba zai ce ba zai iya ba. Shiru zai yi ya ɗauko kalar da ta fi kusa a cikin waɗanda yake da su, ya buga maka kati ɗari uku da ita.

Shuɗi ne ya fi jawo faɗa, ga dalili. Shuɗin waya tsantsa, idan kwamfuta ta juya shi da kanta zuwa CMYK, sai ta zuba masa M mai yawa, har ya kusa kamo C. Ido ba ya lura a sikirin, amma a takarda jan nan yana tasowa, sai ka ga shunayya. Maganinsa lissafi ne kawai: kowace tawada ana auna yawanta daga 0 zuwa 100, a bar tazarar aƙalla 30 tsakanin C da M. Ku kalli waɗannan biyun. Na hagu C 100, M 90. Na dama C 100, M 65. Na hagun ne ya sa amarya kuka. Idan ana son shuɗin ya yi duhu irin na kaftanin angwaye, ba M za a ƙara ba, K za a ɗan ɗiga, kamar 20 zuwa 30.

Sai gwal. Hajiya, a yi haƙuri, babu gwal a cikin tawada huɗun nan. Abin da ke sheƙi a waya dabara ce ta mai zane, rawaya da ruwan ƙasa ya jera su haske da duhu. A takarda kuma rawaya da ruwan ƙasan za ki gani, ba sheƙi. Gwal na gaske foyil ne, wata siririyar leda mai ƙarfe-ƙarfe da ake mannawa da zafi. Ko dai a sassaƙa hatimin ƙarfe mai siffar rubutun a danna shi da inji, ko a buga wurin da baƙin tona, wato garin tawadar inji, a bi da foyil ta injin laminatin, mai sa wa takarda leda, ya kama. Na farkon ya fi kyau, yatsa ma yana jin shatarsa, ya kuma fi tsada da cin lokaci, don ba kowane shago ke da injin ba, wani sai ya tura aikin Kano ko Kaduna, ko Shomolu a Legas. Duk wanda ya ce zai yi miki gwal mai sheƙi yau-yau a kan kuɗin kati na yau da kullum, ki ce ya nuna miki wanda ya taɓa yi.

Haka ma fari. Injin CMYK ba shi da farar tawada. Farin da ke jikin kati, takardar ce aka bari ba a taɓa ba. Saboda haka in kika zaɓi takarda mai ruwan madara, duk farin zanenki ruwan madara zai koma, shuɗi mai haske kuma ya ɗan karkata zuwa kore, domin tawada ba ta rufe takarda ruf, ana hango ta ta ƙasa.

[Hoto: zane ɗaya a kan takardu uku daban-daban]

Ita ma takardar tana da nata. Wannan mai santsi ce, an shafe fuskarta, tawada na zama a sama, kala ta fito raɗau. Wannan mai kaushi ce, tana shan tawada, ɗigon ya baje, kala ta yi duhu ta lafa. Ga ta uku an sa mata leda. Leda mai ƙyalli tana ƙara wa kala zurfi, mara ƙyalli tana ɗan dusashe ta. Ni dai a ganina mara ƙyallin ta fi kamala a katin ɗaurin aure, mai ƙyallin a bar wa kalandar 'yan siyasa. Amma ko wacce za a sa, da ita za a duba samfur, ba kafin a sa ta ba.

To me za a yi? Abu ɗaya ne, kuma kuɗinsa kuɗin falle ɗaya.

Ka ce wa mai zane ya buɗe manhajar zane ta CorelDRAW, ya tabbatar fayil ɗin a CMYK yake tun daga farko. Ya zana murabba'ai goma sha biyu na kalar da kuke so, kowanne da ɗan bambanci, ya rubuta lambobin C, M, Y, K a ƙarƙashin kowanne. A buga wannan fallen a injin da zai yi aikin, a kan takardar da za a yi aikin da ita. Ba a firintar ofis ba, ba a shagon maƙwabci ba. Sai a yanko ƙyallen yadin ankon a ɗora a kai.

Kuma a fita waje. Duk macen da ta taɓa sayen atamfa a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi ta san wannan: ba a yanke hukunci a ƙarƙashin ƙwan shago, ana fitowa da ita bakin ƙofa a gani. Kati ma haka. Farin ƙwan LED yana ja zuwa shuɗi, jan ƙwai yana ja zuwa rawaya. A tsaya a inuwa da rana, ba cikin tsakiyar rana ba. Manyan maɗaba'u suna da fitila ta musamman ta duba kala, mu kuma inuwar baranda ta ishe mu.

Murabba'in da ya dace, a zagaye shi da biro, a ba mai zane lambarsa. Daga nan babu sauran "ka ɗan ƙara masa haske". Lamba ce ke magana. Kamfanin Pantone na Amurka da wannan dabarar ya yi suna tun 1963, ya ba kowace kala lamba don mai zane da mai bugawa su daina gardama.

Abin da ba za a yi ba: a ɗauki hoton samfurin a tura wa amarya ta WhatsApp ta amince. An koma gidan jiya ke nan. Kyamara ta sauya kalar, wayarta ta sake sauyawa, wataƙila ma ta kunna abin rage hasken dare. A ba ɗan acaɓa, ko a sa a Keke Napep a kai mata unguwar Fadaman Mada ta gani da idonta.

[Hoto: kibiya na nuna alamar tura fayil]

Tunda an ambaci WhatsApp: in aka tura zane a matsayin hoto, manhajar tana matse shi. Katin A5 yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, wato wajen 1748 da 2480. A tura shi a matsayin fayil, PDF ya fi.

Baƙi ma iri biyu ne. Ƙananan rubutu, kamar lambar waya da sunan masallaci, K 100 kaɗai, don in aka haɗa tawada huɗu kuma ɗaya ta ɗan goce, sai rubutun ya yi inuwa. Babban fili baƙi kuwa K kaɗai toka-toka yake fitowa, a ba shi C 60, M 40, Y 40, K 100.

Saura da gudu. A karanta samfurin harafi-harafi. Yawancin rubutun kwalliya ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar "ɗaurin aure", ko harafi ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa. Larabci kuma yakan wargaje, haruffa su rabu ko su juya baya, sai a ba wanda ya iya ya duba. Ayoyi dai gara a bar su, kowa ya san inda katin ke ƙarewa bayan walima.

Kati mai ninki, a fara yi masa shata da inji kafin a ninke, kuma ninkin ya bi tsawon zaren takardar. Da hunturu, iskar Bauchi na busar da kati, 300 gsm yana tsagewa a gaɓa in aka ninke shi da hannu, farin cikin takardar ya leƙo ta tsakiyar kala mai duhu.

Ambulan: C6 na A6 ne, C5 na A5. Mai biyar da bakwai ba ya shiga C6, a cikin C5 kuma yawo yake yi, don haka a nemo ambulan ɗinsa kafin a yanka katin.

A buga duka a rana ɗaya, da ƙarin kashi goma cikin ɗari. Injin DI yakan ɗan sauya kala daga yau zuwa jibi, musamman in an canja tona, kuma dangin uba ba sa tunawa da mutum ashirin ɗin da aka manta sai ana saura kwana uku.