Abin da ƙanƙarar dā ta bari a saiwar bishiya

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan uwa da kuka zauna tun safe, sannunku da haƙuri.

Yau a ƙarƙashin ƙasa za mu yi yini. Kowa a nan ya san naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, da ke fitowa bayan ruwa ya sauka. To abin da ido ke gani ɗin nan 'ya'ya ne kawai. Ainihin jikin yana cikin ƙasa, zare ne siriri, fari, ya fi gashi sirantaka. A wasu nau'o'in zaren nan yana nannaɗe kan saiwar bishiya kamar safa, ya jawo mata ruwa da fosfaras daga inda saiwar ba ta kai ba, ita kuma ta biya shi da sukarin da ganyenta ya haɗa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Wani Bajamushe, Albert Bernhard Frank, ya bayyana wannan zama a 1885, ya sa masa suna maikoraiza. Gwamnatin Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamus, ce ta sa shi aikin, tana neman yadda za a noma kam'a, wani nau'in naman kaza da ke nuna a binne cikin ƙasa.

Masu karatun hadisi sun san kam'a, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tana daga cikin mannu. Ta Larabawa a sahara take fitowa. Tana da 'yar uwa baƙa a kudancin Faransa da Sifen da Italiya, masana na kiranta Tuber melanosporum, kuma tana cikin abinci mafi tsada a duniya. Ba ta rayuwa sai a saiwar bishiya, galibi bishiyar ok, wadda Larabawa ke kira ballut. Ku riƙe wannan, don komai a kansa ya rataya: inda bishiyar ba ta je ba, kam'a ba ta zuwa.

Yanzu mu koma baya shekara kamar 21,000. Ƙanƙara ta lulluɓe Sikandinebiya da mafi yawan Birtaniya, ta sauko har arewacin Jamus. Ruwan da ya daskare ya yi yawan da teku ta ja ƙasa da kusan mita 120. Tsakiyar Turai ta zama fili mai sanyi da ƙura, ba daji. Bishiyoyin ok suka rage a 'yan lunguna na kudu, wato yankin Sifen da Fotugal, da Italiya, da ƙasashen Balkan. Da ɗumi ya dawo, kusan shekara 11,700 da suka wuce, sai suka fara hawa arewa, tsuntsaye na ɗaukar 'ya'yansu suna binnewa suna mantawa. Rémy Petit da abokan aikinsa sun bi sawun wannan tafiya a 2002, da ƙwayoyin gado na ok daga wurare fiye da 2,600.

Ita fa kam'a? A 1998 masana daga birnin Montpellier na Faransa suka duba ƙwayoyin gadon baƙar kam'a daga wurare da dama, suka tarar kusan duk ɗaya ne, bambancin ɗan kaɗan. Bari in kawo muku misalin gida. A ce gari yana da gero iri ashirin, mai saurin nuna, mai jure fari, mai dogon kai. Aka yi yunwa, aka cinye rumbuna, gida biyu kawai suka tsira da iri. Bayan shekara hamsin gonakin garin za su cika da gero, ido ba zai ga rashi ba, amma duk jikokin irin gida biyun nan ne. Haka sanyi ya yi wa kam'a. Yawanta ya dawo, ire-irenta ba su dawo ba.

A 2004 Claude Murat da abokansa suka ƙara mataki. Suka nuna cewa ɗan bambancin da ya rage yana da tsari a kan taswira, kuma ya bi hanya biyu zuwa arewa: ɗaya ta kwarin kogin Rhône na Faransa, ɗaya ta gefen Atilantika. Hanyoyin da ok ya bi ke nan. Ni wannan ne ya fi taɓa ni a binciken gaba ɗaya. Kam'a halitta ce da ba ta da ƙafa, kuma ko iska ba ta ɗaukar irinta, tunda a binne take nuna. Sai aladen daji ko ɓera ya ji ƙamshinta, ya tono, ya ci, ya kasayar da irin a gaba. In babu saiwar ok a wurin, aikin banza. Saboda haka kullum bishiya ce a gaba, kam'a na biye, kuma a kowane zango 'yan kaɗan ne ke isa su kafa zuri'a. Shi ya sa a halittun Turai da yawa, kamar yadda Godfrey Hewitt ya nuna, kudu ta fi arewa wadatar iri.

Gaskiya ta sa in ƙara cewa bayan an karanta kundin gadonta duka a 2010, an ga bambancin ya fi yadda aka zata da farko, an kuma tabbatar cewa sai jinsi biyu sun haɗu take haihuwa. Hoton ya gyaru, amma tabon ƙanƙara yana nan. Kuma yanayi bai gama da ita ba: binciken Ulf Büntgen na 2012 ya danganta raguwar girbinta a Sifen da Faransa da Italiya da ƙarancin ruwan sama a watannin zafi.

Wani ɗalibi ya aiko takarda yana tambaya ko wannan ya shafe mu. Ya shafe mu, ɗana. Doka da kawo, bishiyoyin dajin kudancin Kaduna da Neja da Filato, suna cikin 'yan bishiyoyin Afirka masu irin wannan zama da naman kaza a saiwarsu. Mu ba ƙanƙara muka sha ba, fari muka sha. A zamanin bushewa rairayin sahara ya gangaro kudu. Tuddan yashin da suka tsaya wuri ɗaya a arewacin Kano da Jigawa, waɗanda A. T. Grove ya rubuta a kansu a 1958, shaida ne. Daga baya ruwa ya dawo har tafkin Cadi ya kai faɗin kimanin murabba'in kilomita 350,000, sannan ya sake janyewa wajen shekara 5,000 da suka wuce. Daji ya yi ta kai da kawowa, abokan saiwarsa na biye da shi.

Don haka ku masu neman abin bincike, da damina ku shiga dajin doka da kwando da wuƙa da littafi. Kowane naman kaza kuka cire, ku rubuta ranar, da wurin, da bishiyar da yake gindinta, da sunan da matan ƙauyen ke kiransa. Ku busar da shi a hankali, kada ya dahu, don zafi mai yawa yana lalata ƙwayoyin gadon. Wuraren da masu gawayi suka kusa isa, da su za ku fara.

Lokacin azahar ya yi. Sauran tambayoyin sai mun dawo.