Wai me NASRDA ke yi ne a Lugbe?

Jama'a assalamu alaikum. In ka taɓa bin titin filin jirgin Abuja, daidai Lugbe, akwai wani wuri da ake kira Obasanjo Space Centre, to nan ne hedikwatar NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya. Tun 1999 aka kafa ta fa, amma da yawanmu sai a 2024 muka san da zamanta, lokacin da labari ya cika Facebook wai za a kai ɗan Najeriya sama.

Abin da ya faru shi ne a watan Yuni na 2024 hukumar ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Amurka mai suna SERA, za su ba ɗan Najeriya kujera ɗaya a roket ɗin New Shepard na Blue Origin, kamfanin Jeff Bezos mai Amazon. Amma kar ka ɗauka wata za a je. Tafiyar gaba ɗaya wajen minti 11 ce, roket ya tashi daga Texas, ya haura kilomita 100, ka ji jikinka sakayau kana shawagi na ɗan mintoci, sai lema ta buɗe ku sauko. Ko shayi aka haɗa maka kafin ku tashi, za ka dawo ka same shi da ɗumi. Abin dariyar ma, a Yunin 2025 wani lauya, Owolabi Salis, ya bi tasa hanyar ya hau wannan roket ɗin, ya riga kowa.

Kafin nan kuma, Disambar 2022, Farfesa Isa Ali Pantami yana minista ya sa wa Najeriya hannu a yarjejeniyar Artemis a Washington. Mu da Ruwanda ne farko a Afirka. Ita ma ba tikitin zuwa wata ba ce, ƙa'idoji ne na yadda ƙasashe za su yi aiki a can sama ba rigima, a riƙa raba bayanan kimiyya.

Ni dai a ganina duk wannan ado ne, ainihin maganar tana wajen tauraron ɗan adam. NigeriaSat-1 ya tashi 2003 daga Rasha, kamfanin SSTL na Ingila ne ya ƙera, har hotunan ɓarnar guguwar Katrina ya ɗauka a Amurka a 2005. Sai Agustan 2011 aka harba guda biyu lokaci ɗaya, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, shi NigeriaSat-X ɗin ma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu can Ingila suna koyon aiki. To ga inda gizo ke saƙar, NigeriaSat-2 shekara 7 aka tsara zai yi, kai yi lissafi da kanka daga 2011.

Shi ya sa labarin da ya fi kama hankalina shi ne na 2025, da gwamnatin tarayya ta amince da sabbin taurari 4, uku masu kyamara, ɗaya kuma na rada. Wannan na radar ku riƙe shi da kyau. Mai kyamara kamar idonka yake, in dare ya yi ko hadari ya rufe, shi ke nan bai ganin komai, kuma mun san yadda sama take a watan Agusta. Shi kuwa na rada shi ke harba siginar kansa ƙasa, ta ratsa gajimare ta bugi ƙasa ta dawo masa, daga nan ya zana hoto, dare ko rana duk ɗaya. Ruwa kwance baya dawo da siginar sosai, sai ya fito baƙi ƙirin a hoton, nan take a ga iyakar inda ambaliya ta kai. Ka tuna Satumbar 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, irin ranar nan masu ceto taswira suke nema, wace unguwa ce ta nutse, wane titi ne mota za ta iya bi, ba jiran hadari ya washe ba.

Sai dai amincewa a takarda daban, roket ya tashi daban. NigeriaSat-2 ɗin nan a 2006 aka sa hannu a kwangilarsa, bai bar ƙasa ba sai 2011.