Amsoshin Tambayoyinku: Neman Sawun Kaka Baduku

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Wasiƙu uku na zaɓo yau, kuma duk ukun a kan neman asali suke.

Ta farko daga wani malamin lakwal ce a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Ya ce: "Shekaruna arba'in da 'yan kai. Kakan mahaifina ɗinkin takalma yake yi a tsohon gari. Abin da ya rage mana nasa basilla guda ce da laƙabinsa. Na je meri neman takardar haihuwarsa, aka ce babu. Ina zan dosa?"

To Malam, ka yi wa ma'aikatan meri uzuri, ba rowa suka yi maka ba. Ka ce shekarunka arba'in da 'yan kai, ke nan kakan mahaifinka ya zo duniya wajajen yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko ma kafin nan. A wancan zamani ba a yanka wa ɗan talaka takardar haihuwa. Nasara ba ya rubuta sunan talaka sai in yana son wani abu a wurinsa: ko lanho, wato haraji, ko aikin tilas, ko soja. In kakanka ya shiga takarda, ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan ya shiga. Littattafan ƙidayar lanho suna ɗauke da sunan mai gida, da yawan matansa da 'ya'yansa da dabbobinsa, gari-gari. Abin da ya tsira daga gara da ruwa cikin takardun zamanin kwamandan, gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Yamai ne wurin nemansa. Sai dai ka tafi da shirin cewa tafinta ne ya faɗi sunan, Bafaranshe ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Shu'aibu ya koma Chaïbou, Usman ya koma Ousmane, Tasawa ta koma Tessaoua. Shekara kuma da ido aka kimanta ta, aka rubuta "an haife shi wajen shekara kaza".

Amma ni da kai ne, Yamai ita ce zangon ƙarshe. Takarda tana jira, tsohuwa ba ta jira.

Ka fara da gwaggwanninka da duk wata tsohuwar da aka auro cikin gidanku. Maza sukan riƙe sunan uba da kaka su tsaya nan. Mata su ne suka san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya, wa ya yi yaji ya koma Madarumfa bai dawo ba. Ni kaina na taɓa yin wauta a nan. Na je wurin ƙanwar kakata da waya a hannu, na danna ɗaukar murya, na ce, "Kaka, mene ne sunan mijinki?" Ta kalli bango, ta gyara lulluɓi, ta ce, "Mai gidan nan dai." Na sake tambaya, ta ce in ba ni da abin yi in je in duba mata akuya. Na manta cewa mace irin ta da ba ta kama sunan miji, ba ta kama na ɗan fari. Sai da na koma da goro, na zauna aka yi hira har la'asar, sannan ta kira wata jikanyarta ta ce, "Ke, faɗa masa sunan da aka sa wa ƙanenki, ai shi aka mayar." A nan na samu sunan. Kai ma ka duba cikin gidanku wa ake kira Baba ko Abba tun yana goye, sau da yawa sunan tsohon ne aka mayar masa.

Kada kuma ka tambaye su shekara da lamba. Ka ce, "Lokacin da Gulbi ya ci gari, yana raye?" Wannan ambaliya ta 1945 ce, kuma ita ce dalilin da ba za ka tarar da gidan kakanka inda yake ba, domin bayanta aka tashi daga fadama aka hau tudu. Unguwannin da, irin su Bagalam da 'Yandaka da Maradawa da Ɗan Gulbi da Limanci, sun hau da sunayensu, saboda haka in ka san unguwarsa ta da, ka san mai unguwar da za ka gaida yau. In tsohuwa ta ce ya rasu bayan an daina aikin tilas, ka san bayan 1946 ne. In ta ce ya ga hawan Seyni Kunce kan mulki, ya kai 1974. In ta ce bai ga yunwar El Buhari ba, bai kai 1984 ba. Da haka za ka yi ta matse shekarun har su zo kusa.

Yanzu basillar nan. Malam, ita ce takardar haihuwar da ka je nema. Ka juya ƙotarta a hannunka, ka duba inda babban yatsa ya cinye itacen har ya yi santsi. Ta nan kaɗai kana iya gane ko bahago ne. Sannan ka naɗe ta a tsumma ka kai wa tsofaffin dukawa a babbar kasuwa, ka nemi a haɗa ka da Sarkin Dukawa. Dukanci gado ne, wanda bai gada ba kuwa a rumfar wani ya zauna shekaru yana yankan igiyar fata kafin a ba shi basilla. Don haka kowane baduku yana da salsala irin ta almajirai. Ka tambayi tsohon, "Baba, wa ya koya maka? Shi kuma a rumfar wa ya tashi?" Hawa biyu ko uku, kun isa zamanin kakanka. Laƙabin nan da kake ganin bai isa komai ba, shi za su gane, don a kasuwa ba a kiran mutum da sunan yanka.

Ka kuma tantance abin da danginku suke nufi da "mai takalmi". Majemi daban, shi ne mai jiƙa fata da toka ya kankare gashi, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa. Baduku shi ke karɓar ta, jar da aka rina da karan dafi ko baƙar kuloko, ya yanka ya ɗinka, ya sa ƙirgi a tafin takalmi. Mai yanka tsohuwar taya ya fitar da takalmi kuwa sai bayan da mota ta yawaita aka san shi. In ka kuskure layi, sai ka yi wata guda kana tambaya a gidan da ba naku ba.

Wasiƙa ta biyu wata baiwar Allah ce daga Tsibiri. Ta ce dangin mijinta suna yi wa 'ya'yanta gori da "jikokin baduku". Kawunta kuma ya ce mata ai su jinin sarauta ne, wahala ce ta sa kakansu ya kama ɗinki. Tana son hanyar da za ta tabbatar da hakan.

Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Gorin sana'a yana nan, musamman in maganar aure ta taso, ba zan ce miki babu ba. Maganar kawunki kuma tana iya zama gaskiya, kuma binciken ta ba wuya: fadar Gobir tana bakin ƙofarki, maroƙan fada sun haddace zuriyar kowane gida na sarauta, tsofaffin wanzamai kuma in kin kwatanta musu askar fuskar kakanki za su gaya miki ta su wane ce. Amma bari in faɗi abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina karanta wasiƙu. Kusan duk mai neman asali rawani yake so ya tono. Da a ce duk masu cewa kakansu ɗan sarki ne da ya biyo Ɗan Kasawa, sarkin da ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi, daga Katsina gaskiya suka faɗa, to wa ya ɗinka wa dawakin kayan hawa? Mayaƙan Maraɗi da na Gobir da suka yi ta kai hari kudu a zamanin sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, kuben takobinsu, da layun da ke damtsensu, da takalman da suka zura a likkafa, hannun baduku ne. Gafakar da malami ke rataye Alƙur'ani, shi ne. Fatar jar akuyar ƙasar nan ta ƙetare Sahara a bayan raƙumi har Turawa suna kiran ta fatar Maroko, don ta can suka san ta. Wannan ba abin ɓoye wa yara ba ne.

Abu ɗaya kawai zan ja kunnenki: mai tono ba ya zaɓar abin da zai fito. Wani ya tono rawani, wani ya tono cewa an kamo kakansa ne a yaƙi. In kin san amsar za ta hana ki barci, ko za ta zama sabon makami a hannun masu gorin, ki yi binciken tsakaninki da kawunki tukuna.

Ta ƙarshe gajera ce. Wani ɗalibi da ke karatu a Faransa ya ce ya ga kamfanonin da ake aika wa yawu su gaya wa mutum asalinsa, ko hakan zai nuna masa garin kakansa, wanda aka ce shi ma baduku ne daga wajen Katsina.

Ɗan'uwa, ba zai nuna ba. Abin da za su ce maka shi ne jininka na Afirka ta Yamma ne, wataƙila su ambaci wani yanki mai faɗi, abin da ka riga ka sani tun kana goye. Ba su san Jibiya ba, ba su san Ɗan Isa ba. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta raba gidaje da yawa biyu, rabi nan rabi can, kuma daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar kilomita casa'in ce ko kusa da haka. Ka adana kuɗin, in ka zo hutu ka sayi goro da turmin atamfa, ka ɗauki mahaifiyarka ko ƙanwarta ku tafi tare, don kai kaɗai ba za a sake da kai ba.

Lokaci ya cinye mu. Malam na Zariya, in ka je wurin dukawa ka sake rubuto mana abin da suka ce game da basillar, za mu karanta a nan. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.