Shige ta ɓata min rai, Noriko ta sa ni hawaye

Assalamu alaikum jama'a, daga Tokyo nake magana. Yanzu na fito daga silima, kuma wallahi har yanzu zuciyata tafasa take. Yen 1,500 na biya na kalli wani tsohon fim baƙi da fari na 1953, Tokyo Story na Yasujiro Ozu, kuma da ba don 'yan Japan ba sa ko tari a silima ba, da na daka wa Shige, 'yar tsofaffin da ke cikin fim ɗin, tsawa.

Tsoho da tsohuwa suka taso tun daga Onomichi don su ga 'ya'yansu a Tokyo. Babban ɗansu likita ne, wai ba shi da lokaci. Shige kuwa, mai shagon gyaran gashi, mijinta ya sayo wa iyayenta kek mai tsada, ta ce ai da biskit ma ya ishe su. Iyayen da suka haife ki! Daga nan ita da yayanta suka haɗa kuɗi suka tura su wurin wankan ruwan zafi a Atami, wai hutu, alhali kawar da su suka yi. Can matasa suka kwana suna caca da kiɗa, tsofaffin ko runtsawa ba su yi ba.

To, wa ya kula da su? Noriko, matar ɗansu da yaƙi ya ci shekara 8 da suka wuce. A wajenmu da an gama takaba ai ta koma gida, ƙila ma ta yi wani auren. Ita kuwa ta nemi izini a wurin aiki, ta zagaya da su gari a bas, ta je ta aro abin sha da kofuna wajen maƙwabciya, don ɗakinta ɗaya ne tal. Wurin da ya karya min zuciya shi ne daren da tsohuwar ta kwana a ɗakin, Noriko na yi mata tausa, ita kuma tana roƙonta ta yi aure, ta daina ɓata ƙuruciyarta. Da safe Noriko ta danƙa mata 'yan kuɗi. Nan na tuna Hajiyarmu da matar Yaya, sai ga hawaye.

Ozu fa ƙasa yake ajiye kyamara, daidai idon wanda ke zaune kan tabarma, shi ya sa sai ka ji kamar a ɗakin kake. Kuma Chishu Ryu da ya fito a tsohon, shekararsa 49 kacal a lokacin, ban yarda ba sai da na duba.

Da tsohuwar ta rasu, ana gama jana'iza Shige ta fara neman tufafin uwarta. Kai! Ina gargaɗinku, in kuna ƙasar waje kuma Hajiya na gida, kada ku kalle shi ku kaɗai da dare. Ni dai bari in nemi inda ba hayaniya in kira Kano, awa 8 ke tsakaninmu, yanzu suka yi azahar.