Babbar Kyamarar Fim: Kayan Farawa da Yadda Ake Wanke Fim

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, barkanmu da warhaka.

Wannan akwatin da kuke gani a kan ƙafa uku, da yawanmu mun san irinsa tun muna yara, lokacin da mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle ya ce kowa ya tsaya cik. Da irinsa Seydou Keïta ya yi suna a Bamako, inda ya buɗe shagonsa a 1948 yana ɗauka da fim mai faɗin santimita 13 da tsawon 18. Har yau ana ƙera irin wannan kyamara, ana kuma yin fim ɗinta. Fim ɗin ba naɗaɗɗe ba ne, falle-falle yake zuwa, kowane falle hoto ɗaya. Girman da ya dace da mai farawa shi ne inci 4 da 5. Akwai 5 da 7, akwai 8 da 10, amma kuɗin fim da nauyin kaya za su kore ku tun ba ku je ko'ina ba.

Ku riƙe abu ɗaya tun yanzu. Wannan kyamara ba ta hana mutum kuskure. Waya tana gyara maka haske, tana nemo maka fuska. Wannan kuwa, ko ka ɗauki hoto biyu a falle ɗaya, ko ka bar haske ya cinye fim, ba za ta ce maka uffan ba. Duk aikin jeri ne, wannan bayan wannan.

Jikinta sassa uku ne. Gaba akwai allon da ke riƙe ido, wato gilashin da haske ke shiga ta cikinsa, baya akwai gilashi mai hazo inda hoto ke bayyana, tsakaninsu kuma zugazugi, kamar na maƙera, wanda ke miƙewa yana takurewa. Akwai mai naɗewa kamar akwati, irin su Intrepid da ake yi a Ingila ko tsohuwar Crown Graphic ta 'yan jaridar Amurka, akwai kuma mai tafiya a kan sanda guda, irin su Sinar da Cambo, wadda ta fi dacewa da cikin shago saboda nauyi. In tsohuwa za ku saya, zugazugin za ku fara dubawa. Ku shiga ɗaki mai duhu, ku miƙe shi iyakarsa, ku sa tocila a ciki, ku bi kusurwoyin da ido. Ɗigon haske ko da kamar kan allura ne, zai bar muku hazo a kowane hoto.

Ido guda ya isa: mai milimita 150, ko 135. Na Schneider, Rodenstock, Nikkor ko Fujinon, duk suna da kyau, kada ku ɓata lokaci kan gardamar wanne ya fi. Shota, wato 'yar ƙofar da ke buɗewa ta rufe don haske ya shiga, a jikin idon take, yawanci Copal lamba 0, kuma dole ramin allon ya yi daidai da lambarta. Kafin ku biya kuɗi, ku saita ta a daƙiƙa 1 ku latsa, ku saurara. In ta yi ƙara sumul ta rufe, lafiya. In tana jan ƙafa tana tsayawa, man ciki ya daskare, sai an wanke ta.

Sauran kayan: gidan fim guda 3, wato ɗan akwatin da ake zura fim a ciki mai murfin zarewa a kowane gefe, kowanne na cin falle 2, ƙafa uku mai ƙarfi wadda iska ba ta girgizawa, madubin ƙara girma mai ninki 4, igiyar latsa shota, da baƙin ƙyalle. Ƙyallen, tela zai ɗinka muku, baƙi a ciki, fari a waje, don ranar nan tamu kada ta dafa muku kai. Awon haske kuwa, manhajar waya ta isa a farko.

Yanzu loda fim, kuma nan ne ake yawan asara. Ana yi ne cikin duhu ƙirin, ko a jakar duhu. Jan fitila ma ba ta halatta ba, domin wannan fim yana ganin ja. A gefe ɗaya na kowane falle akwai 'yan giɓi da aka yanke. Ka riƙe fallen a tsaye, ka lalubo giɓin da ɗan yatsa. In yana sama ta hannun dama, fuskar fim mai ɗaukar hoto tana kallonka, haka za ka zura shi. Ka tabbata ya shiga ƙarƙashin 'yan layukan nan biyu na ciki, ba cikin hanyar murfi ba, in ba haka ba ranar ɗauka murfin zai tura shi cikin zugazugi. Murfin kansa yana da kai mai fuska biyu. Fari a waje na nufin ba a ɗauka ba, baƙi na nufin an ɗauka. Ku sadaukar da falle ɗaya, ku yi ta gwadawa da shi a sarari, sannan da ido a rufe, har hannu ya haddace.

Ƙura kuma, mu nan sai dai haƙuri da dabara. Lokacin hunturu, ƙwayar ƙura ɗaya da ta kwanta a kan fim kafin ɗauka tana fitowa baƙin ɗigo a hoto, kuma gyaransa ya fi na farin ɗigo wuya. Ku goge gidan fim da burushi mai laushi kafin kowane lodi, ku sa kowanne cikin ledar da ke datsewa. Fim a firji yake zama, amma in kun fito da kwalin ku bar shi kamar awa 2 kafin buɗewa, don kada raɓa ta sauka a kansa.

Ga jerin ɗauka. Ka kafa ƙafa uku, ka daidaita kyamara. Ka buɗe shota da ɗan maɓallin dubawa, ka buɗe ido iyakarsa, yawanci f/5.6 (lambar f ma'aunin buɗewar ido ce, ƙaramar lamba babbar buɗewa). Ka shiga ƙarƙashin ƙyalle. Hoton zai bayyana a kife, sama a ƙasa. Kada wannan ya dame ku, cikin kwana biyu ido ke sabawa. Ka matsar da gaba har abin ya fito tar, ka duba da madubi, ka ɗaure kusoshi. Sai ka rufe shota. Na sake faɗa, ka rufe shota. Wanda ya manta wannan ya zare murfi, fim ya tafi. Ka auna haske, ka saita ido, ka ɗana shota, ka latsa sau ɗaya a banza don ka ji tana aiki, ka sake ɗanawa. Ka zura gidan fim a hankali, ka zare murfin da ke fuskantar ido, ka jira kyamara ta daina rawa, ka latsa. Ka mayar da murfi, baƙin kai a waje. Da fim irin Ilford FP4 Plus mai ƙarfin jin haske 125, a tsakar rana f/22 da 1/60 na daƙiƙa ba zai yi nisa da daidai ba.

Abu biyu ne ke cin haske ba tare da ma'auni ya sani ba. Na farko, in ka matso kusa da abu, zugazugi na ƙara tsawo, haske na raunana kafin ya kai fim. Lissafin: ka raba tsawon zugazugi da tsawon ido, ka ninka amsar da kanta. Ido 150, zugazugi ya kai milimita 300, amsa 2 ce, 2 sau 2 ya ba da 4, wato haske ninki 4 za ka ba shi. Don haka ku riƙa ɗaukar tef ɗin tela a jaka. Na biyu, in lokacin ɗauka ya wuce daƙiƙa 1, fim yana yin kasala. Fim ɗin Ilford HP5 Plus, in ma'auni ya ce daƙiƙa 10, sai ka ba shi wajen 20.

Abin da ya sa ake jure wannan wahala, ban da faɗin fim, shi ne gaba da baya suna motsi dabam-dabam. A ce hasumiyar Gobarau ta Katsina kake son ɗauka. In ka ɗaga kan kyamara sama, ginin zai fito kamar zai faɗi baya. A nan sai ka bar bayan a tsaye sak, ka zame allon ido sama kawai, layukan su tsaya a miƙe. In kuwa rijiyoyin rini na Ƙofar Mata kake so su fito tar daga ƙafarka har can ƙarshe, sai ka ɗan sunkuyar da ido gaba. Kaɗan ake yi, digiri 2 ko 3. Masu koyo kan zarce, sai tsakiya ta ɓace. Ku duba kusurwoyin gilashi kuma, in sun yi duhu kun fita daga da'irar da idon ke iya haskawa.

Mu zo wanki. Ana iya yi a faranti cikin duhu, amma falle na gogar falle ya bar ƙarce. Tanki ya fi sauƙi: SP-445 na cin falle 4 da ruwa kusan rabin lita, MOD54 cikin tankin Paterson na cin falle 6 da lita 1. A duhu ake lodawa, da an rufe sai a kunna wuta.

Magani uku ne. Na farko mai fito da hoto, misali ID-11. Gari yake zuwa ƙunshi biyu, ana narka na farko a ruwa mai ɗumin digiri 40, sannan na biyu, a cike, a bar shi ya huce. Ranar wanki ka haɗa rabi magani rabi ruwa. FP4 Plus minti 11 yake so a digiri 20. Ka juya tanki a hankali daƙiƙa 30 na farko, ka ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki, sannan juyi 4 a farkon kowane minti. Ka zubar. Na biyu mai tsayar da aiki, daƙiƙa 10 zuwa 30, ko ruwa zalla sau biyu. Na uku mai kafe hoto, Ilford Rapid Fixer kashi 1 cikin ruwa kashi 4, minti 5. In fim ya fito da fari-fari kamar madara, bai kafu ba, ka mayar da shi, bai lalace ba.

Waccan digiri 20 ɗin, ga mutanen Turai ruwan famfo ne. Mu a watan Afrilu ruwan tankin gida yakan haura 30. A wannan zafin magani na gudu, hoto ya yi baƙi ƙirin, fuskar fim ta yi laushi har farce ya kwashe ta. Ku zuba ruwa a baho, ku jefa ƙanƙara, ku jera kwalaben magani duka a ciki har ma'aunin zafi ya nuna abin da kuke so, tankin ma ya zauna cikin bahon tsakanin juyi. In 20 ta gagara, ku tsaya a 24 ku rage lokaci zuwa wajen minti 8. Kada dai lokaci ya gaza minti 5, wankin ba zai yi bai ɗaya ba. Kuma ruwan ɗauraya ya zama kusa da zafin magani. Fitar da fim daga sanyi a watsa masa ruwan zafi yana sa fuskarsa ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani.

Ɗauraya ba sai da famfo mai gudu ba. Cika tanki, juyi 5, zubar. Cika, juyi 10, zubar. Cika, juyi 20, zubar. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin tabo, don haka ɗaurayar ƙarshe a yi ta da tataccen ruwa da ɗigon Photo-Flo, maganin hana tabon ruwa. A rataye kowane falle ta kusurwa a banɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a kashe fanka, a rufe ƙofa. Ku sa safar hannu, wasu fatarsu ba ta jure maganin farko. Kada a zuba magani a robar lemo inda yara ke kaiwa, kuma tsohon mai kafe hoto yana ɗauke da azurfa, ba a zubar da shi kusa da rijiya.

Wani ɗan uwa can baya yana tambayar tsadar fim. Gaskiya ne, daga waje ake kawo shi, kuma sababbin na'urorin binciken kaya na filin jirgi suna ƙona shi, sai ka roƙi a duba da hannu. Amma akwai hanyar koyo mai araha, wadda masu hoton jira-ka-karɓa suka yi aiki da ita shekara da shekaru: takardar buga hoto a maimakon fim. Ka yanke ta ƙasa kaɗan da inci 4 da 5 don ta shiga gidan fim, ka ɗauke ta a matsayin mai ƙarfin 3 zuwa 6, ka wanke ta a faranti ƙarƙashin jan fitila kana kallon hoton yana tasowa cikin minti 1. In ta bushe, ka kifa ta a kan sabuwar takarda, fuska da fuska, ka danne da gilashi, ka kunna ƙwan fitila na 'yan daƙiƙu, ka wanke ta biyun kamar ta farko. Ga wasu nan da aka yi haka, ku miƙa su baya kowa ya gani, a riƙe ta gefe don Allah.