Yadda Sinadaran Tsirrai ke Kwantar da Fargaba a Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, ɗalibai, iyaye da 'yan uwa, barkanmu da haɗuwa.

Fargabar da za mu tattauna yau ta wuce faɗuwar gaban ranar jarrabawa, wadda kowa ke yi kuma ta wuce. Wadda likitoci ke ɗauka cuta ita ce mutum ya shafe wata 6 ko fiye, yawancin ranaku yana cikin zullumi, ya kasa tsayar da tunani, wuya da kafaɗu a ɗaure, barci ba daɗi. Mutane da yawa kafin su je asibiti sai sun gwada ganye ko saiwa, don haka ya kamata mu san me tsiron ke yi idan ya shiga jiki.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan curi mai suna amigdala, ɗaya a dama ɗaya a hagu, aikinsa hango haɗari. Idan ya tashi, saƙo zai sauka har ga wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, su saki sinadaran tashin hankali, adirenalin da kotizol. Daga nan zuciya ta hau bugu, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya gajarce. Sinadarai biyu ke riƙe da ragamar wannan tashi. Gulutamet yana zuga ƙwayoyin jijiya, GABA kuma yana lafar da su, kamar totur da birki a mota. Idan GABA ya sauka a mazauninsa a jikin ƙwayar jijiya, wata 'yar ƙofa na buɗewa, sinadarin kulorayid ya shiga, ƙwayar ta yi nauyin tashi. Valium, wanda ya fito kasuwa a 1963, da Lexotan da ake yawan sha a ƙasar nan, duk a nan suke aiki: suna sa ƙofar ta riƙa buɗewa akai-akai. Shi ya sa suke kwantar da mutum nan take, kuma shi ya sa jiki ke sabawa da su.

To, wasu tsirrai ma wannan ƙofar suke taɓawa. Furen kamomil, wanda masu shagon magungunan Musulunci ke kira babunaj, yana da sinadarin afijenin. A 1995 masu bincike a Ajantina suka nuna yana kama mazaunin da Valium ke kamawa, sai dai kamunsa ba ƙarfi. A 2009 Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ta gwada shi a kan mutum 57 na mako 8, da kafso mai miligiram 220, ana ƙarawa har zuwa 5 a rana. Sun fi waɗanda aka ba kafson da ba magani a ciki samun sauƙi, amma ratar ba babba ba ce. Da aka sake gwaji mai tsawo a 2016 da miligiram 1,500 a rana, alamomin sun ragu, sai dai ba a iya tabbatar da cewa yana hana ciwon dawowa ba. Ku lura da abin da aka ba su: tataccen sinadari ne da aka auna. Wanda ya jiƙa furen a ruwan zafi yana samun kaɗan ƙwarai daga wannan adadi, domin afijenin ba ya narkewa sosai a ruwa.

Wannan ya kawo mu inda tallace-tallace ke yaudarar jama'a. Kafin sinadari ya yi aiki a ƙwaƙwalwa, sai hanji ya tsotse shi, ya tsira daga hanta da ke farfasa shi, sannan ya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke hana yawancin abubuwa shiga. Abu na iya yin aiki a kwalbar gwaji ko a jikin ɓera, ya zo jikin mutum ya kasa. Idan kun ji an ce "bincike ya tabbatar", ku tambaya: a kan wa, mutum nawa, da wane adadi?

A ganina, man furen labanda ya fi sauran hujja. A Jamus ana yin kafso mai miligiram 80 da ake kira Silexan. Sinadarinsa linalul ba ta mazaunin Valium yake bi ba. Yana rage shigar kalsiyam cikin bakin jijiya, sai sakin sinadarai masu zuga ya ragu. A gwajin 2014 da mutum 539 na mako 10, ya fi kafson da ba magani a ciki, musamman a miligiram 160, kuma bai jawo maye ko sabo ba. Abin da aka fi kuka da shi gyatsa ce mai ƙamshin furen. Sai an yi kamar mako 2 kafin a fara jin aikinsa. Amma don Allah kada wani ya ji wannan ya ɗauki kwalbar man da ake sayarwa don ƙamshi ya sha. Ba a yi shi don ciki ba, kuma yana iya yi wa yaro mummunar illa.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu. Ganyen shayi yana da sinadarin tiyanin, wanda aka gano a Japan a 1949, ake kuma gwada shi don kwantar da hankali. Yana tsallake shingen ƙwaƙwalwa, yana kuma kama da gulutamet a siffa. Yawancin gwaje-gwaje miligiram 200 suke bayarwa, alhali kofi ɗaya bai cika wuce miligiram 25 ba. Ke nan sai ka sha kofi 8. Kowane kofi kuwa na ɗauke da kafeyin miligiram 30 zuwa 50, don haka kofi 8 na iya kai ka miligiram 400, iyakar da aka ɗiba wa baligi mai lafiya a yini. Mai ciki rabin haka ne. Kafeyin yana toshe mazaunin adinosin, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ta gaji, sai zuciya ta yi sauri, hannu ya yi rawa, alamomin fargaba sak. Bayan awa 5 ma rabinsa na nan a jini. Goro na da shi kimanin kashi 2 cikin 100 na busasshen nauyinsa. Mutumin da ke cin goro tun safe, ya zauna majalisar shayi bayan isha'i, ya ƙara da lemon ƙarin kuzari, sannan ya zo yana neman ganyen kwantar da hankali, shawarata gare shi ya fara rage waɗannan. A hankali zai rage cikin mako 1 zuwa 2, don yankewa lokaci guda na kawo ciwon kai. Bayan azahar kuma ya haƙura da su.

Duk tsiron da ke da ƙarfin taɓa ƙwaƙwalwa yana da ƙarfin cutarwa. Kava, saiwar da ake sha a Fiji da Vanuatu, tana ƙarfafa aikin GABA, amma Jamus ta janye ta daga kasuwa a 2002 saboda lalacewar hanta, kafin kotu ta soke matakin a 2014. Gwajin da aka buga a Ostireliya a 2020, na mako 16, bai same ta ta fi kafson banza ba. Ashwagandha ta Indiya, wadda ta cika intanet yanzu, tana rage kotizol a ƙananan gwaje-gwaje da miligiram 300 sau biyu a rana, amma an samu masu shanta da ciwon shawara ya kama, tana iya tayar da sinadarin maƙoƙo, ba ta dace da mai ciki ba, kuma Denmark ta hana ta a 2023. Tsiron da ake kira St John's wort kuwa yana sa hanta ta riƙa ƙone wasu magunguna da sauri, har ƙwayar tazarar haihuwa da warfarin, maganin hana daskarewar jini, da wasu magungunan ƙanjamau su rasa ƙarfi.

A gida kuma ga zaƙami, wanda wasu ke zuba wa matasa a abin sha. Atirofin da sikofolamin da ke cikinsa suna toshe aikin asitilkolin, wani sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, sai baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi, fitsari ya tsaya, mutum ya riƙa ganin abin da babu. Adadin gubar ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, ba mai iya aunawa da ido. Wanda ya sha, asibiti za a kai shi nan take.

Wanda zai sayi maganin tsiro, ya duba sunan tsiron da adadin miligiram a jikin kwalin. Lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L tana nufin an duba rashin cutarwarsa ne, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Ya gwada abu ɗaya tak, ya ba shi mako 6 zuwa 8, ya gaya wa likita ko mai harhaɗa magani duk abin da yake sha. Kada ya haɗa da giya, taramol, kodin ko maganin barci. Idan ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, ya tsaya ya je a auna hanta.

Kafin komai a auna jini, domin ƙarancin jini, faɗuwar sukari da yawan sinadarin maƙoƙo duk suna kama da fargaba. Idan ta hana mutum aiki, ko ya fara tunanin hallaka kansa, asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri suna duba irin wannan, da magani da kuma zaman gyaran tunani. Wanda kuma ya daɗe yana shan Valium ko Lexotan, kada ya yanke rana ɗaya don ya koma ganye, domin jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni.

Mai tambaya sai ya ɗaga hannu.