Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina a Wajen Baje Kolin Ayyukan Yumɓu da Sassaƙa, Argungu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum.

Mai girma Kwamishina, wakilan fada, malamanmu, iyayenmu mata magina tukwane, masassaƙa da sauran jama'a.

Yallaɓai, sannu da hanya daga Birnin Kebbi. Karɓar baƙo ba sabon abu ba ne a ƙasar Kabi. A 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, da kamun kifi aka tarbe shi, kuma wannan tarba ce ta zama bikin da UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016. Mu yau da yumɓu da itace muka tarbe ka, aikin hannun wani matashi ɗan garin nan wanda wannan ne karo na farko da ya fito da kayansa idon jama'a.

Za ka lura babu fuskar mutum ko ɗaya a ɗakin nan. Da gangan ya yi, saboda ya san garinsu, ya san abin da malamai suka faɗa a kan gumaka. Sai ya nuna mutane ta kayan aikinsu. Ga gorar masunci da homa biyu jingine a jikinta, kamar mai su ya hau tudu daga kogin Matan Fada yanzun nan. Ga teburin mai shayi, ga rumbu, ga jirgin ruwa ɗan kamu ɗaya. A ganinmu teburin mai shayin ya fi sauran, don har bencin da ya karkace gefe guda bai manta ba.

Ranka ya daɗe, bari mu ɗan tsaya a kan yumɓun, domin nan wahalar take. Daga fadama ake haƙo shi, a shanya, a farfasa, a jiƙa kwana biyu ko uku, sannan a tsince tsakuwa da saiwoyi. Yumɓun fadama zalla maiƙo gare shi, yana ƙanƙancewa sosai in ya bushe, sai ya dare. Maganinsa a daka tsingaron tsofaffin tukwane a tankaɗe, a zuba kashi ɗaya cikin kashi uku na yumɓu, a tattake da ƙafa har ya haɗu. Wasu kan ƙara ɗan buntun shinkafa, abin da ba mu rasa ba a Argungu; yana ƙonewa a wuta ya bar ƙananan kafofi, kayan su yi sauƙin nauyi, amma in ya yi yawa sai su yi gautsi.

Duk aikin yumɓun da kake gani a nan cikinsa rami ne. Kaurin bangon bai wuce babban yatsa ba, kuma a gindin kowanne akwai ƙaramar huda. Dunƙulallen yumɓu kan bushe a waje alhali cikinsa da danshi, da ya ji wuta ruwan ya zama tururi, ya rasa mafita, ya tarwatsa aikin, wani lokaci har da na kusa da shi. A inuwa ake shanya, mako biyu zuwa uku gwargwadon girma. Da hunturu sai an lulluɓe da tsumma, in ba haka ba iska ta busar da siraran wurare kafin masu kauri, su tsage daidai mahaɗa. Kafin ya gama bushewa ake shafa jar ƙasa a goge da santsin dutse. Ƙyallin da kake gani ba fenti ba ne.

Na itacen ba mu da dogon bayani. Ƙirya ce, icen turmi, da gizago ya fafe ta bayan ta bushe sarai, domin ɗanyen ice tsagewa yake yi daga baya.

Gashin kuwa a fili ake yinsa, yadda iyayenmu mata ke yi: busasshen kashin shanu, karan gero da itace, da yamma in iska ta kwanta. Wutar fili ba ta daidaita. Ɓangaren da iska ke bugawa ya yi zafi, ɗayan ya fito ɗanye, shi ya sa baƙin tabo ya hau gefen rumbun can. Wani zai ce ado ne. Wanda ya yi wata guda a kan aiki ya ga ya fashe ba zai ce haka ba.

Kokenmu ke nan, Yallaɓai. Muna roƙon tanderun gashi na jan bulo guda ɗaya mai bututun hayaƙi, wanda magina za su yi tarayya a kai, da rumfar shanya mai kāre iska da ruwan sama. Muna kuma roƙon ka sa baki a samu ɗan kusurwa a Gidan Tarihi na Kanta inda za a riƙa ajiye aikin matasa na yau kusa da na kakanni, musamman lokacin biki da baƙi ke cika gari.

Bismillah, ranka ya daɗe, mu fara daga teburin dama. In za ka ɗaga gorar, ka tallafo ta daga gindi da hannu biyu, wuyanta bai da ƙarfi.

Wassalamu alaikum.